Gyalen Umma a Gwiwata

A shekarun da arzikin mai ya buɗe, gwamnati ta turo Baba kwas Landan, muka biyo shi ni da Umma. A nan na fara koyon cello, babban gogen Turawa da ake rungumewa tsakanin gwiwoyi. Ina da shekara tara.

Wata Laraba da la'asar Umma ta ce sai ta ga abin da nake yi a gidan malamata, Misis Dawson, wadda kiɗan ne sana'arta. Ina zama na ware ƙafafu, Umma ta ɗaure fuska.

"Tashi mu tafi. 'Ya mace ba ta irin wannan zaman."

Na fassara wa malama, hawaye na zubo min. Ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki, ta fito sanye da doguwar baƙar rigar da take hawa dandamali da ita. Da ta zauna da cello ɗinta, ko idon sawunta ba a gani.

Umma ta dubi rigar, ta dubi guntun siket ɗina na makaranta. Sai ta zare gyalenta, ta lulluɓe min gwiwoyi har ƙasa.

"To, goga mu ji."

Na goga, ƙamshin turaren wutarta yana shiga hancina. Umma ta ce kamar ana yanka saniya, amma Larabar da ta biyo baya ita ta riƙo min jaka.

Yanzu ni nake koyarwa, kuma kullum akwai gyale a akwatin cello ɗina. Duk uwar da na ga ta fara ɗaure fuska, shi nake miƙa mata.