Wayar da Ta Ƙi Shiga

Hoton ya fito tar a bango, matan da ke koyon noman rani suka ɗauki tafi, ni kuwa ƙirjina ya ɗauki wuta.

Laraba huɗu ina hawo babur daga Yako zuwa Tiga saboda malamar gonar nan. Wayar tsohon majiginta mai faɗin kai ce, ramin sabuwar kwamfutarta kuwa siriri. Sai in kawo tawa tsohuwar, mu kwafe bidiyon muna hira.

Yau wani injiniya mai ƙamshin turare ya zaro 'yar adafta daga aljihu, ya haɗa su nan take.

"Malama, na ba ki kyauta. Ki hutar da wannan bawan Allah."

Ta yi masa murmushi. Na fara naɗe wayoyina.

"Miƙo min jakata," ta ce da ni.

Jakar ta suɓuce ta kife. Cikin takardu ga irin adaftar sak, ko ledarta ba a ɓare ba.

Ta sunkuyar da kai. "Laraba mai zuwa ma ka zo da kwamfutarka."