Sabuwar Fata

Da hannu ɗaya na kwance tayar baya, ɗayan yana ɗaure da karan ɗori. Tsohon babur ne, gadon mahaifina. Ranar Talata na taka birki a kwanar Sharada ya ƙi kamawa, ga matata a baya. Har yau tana asibiti.

Aminina ne ya canja min fatar birkin kafin haɗarin, makanikin da muka shekara ashirin muna ci a kwano ɗaya.

"Wallahi sabuwar fata na sa maka," ya ce da ya zo dubiya, har da ƙwalla.

Na buɗe kwanon birkin, ƙauri ya buge ni. Guntun fatar saniya ce ta majemar Challawa, an manna da gam, ta ƙone ƙurmus.

Bai rantse kan ƙarya ba. Sabuwa ce.