Sabon Mai Rabon Abinci

"Ba allurar rigakafin mura, ba aiki, Mista Kowalczyk. Doka ce," in ji Renata, nas ɗin gidan kula da tsofaffi.

Tsohon ya naɗe hannun riga. Tun yana soja rabonsa da allura, tsoronta yake kamar me.

"Baba, shekara saba'in da huɗu, me ya kai ka aikin rabon abinci? Fansho ya gaza ne?" ta tsokane shi.

Bai yi dariya ba. Ya runtse ido, ya miƙa damtse.

"Matata ce a ɗaki na shida, 'yata. Ta manta ni. In na ce ni mijinta ne, ihu take yi. Amma duk wanda ya shigo da rigar ma'aikata, murmushi take masa."