Kofin Dama

Da bayan cokali matar tela take murƙushe ƙwayar, a hankali, don kada ƙarar ta kai falo.

Tun da ciwon ya kama mijinta barci ya ƙaurace masa. Kwana yake yana zagaye ɗaki yana magana shi kaɗai, da safe ya je shago ya yanka yadin mutane ba awo. Yayansa ya riga ya yanke hukunci: in abin bai lafa ba, zai garƙame shagon ya kai shi asibiti a kwantar.

Likita ya rubuta magani. Tela ya ce, "Ni za a ba ƙwayar mahaukata? Allah ya sawwaƙe."

Mai kemis ya ja mata kunne: da saninsa zai sha, kada a daka, kada wani ya taɓa. Ta ce to. A ranta kuwa ta ce, wanda bai zauna da tela ba shi ke faɗin haka.

Kullum da yamma sai ta haɗa shayi a kofi biyu iri ɗaya, ta zuba garin a na dama, ta danne ɗacin da sukari. Ta yi bisimilla ta ajiye masa, nata a gefe, ta koma kicin kashe wuta. Kafin ta dawo ya fara kurɓa.

Allah da ikonsa, sai ga sauƙi. Zagayen nan ta daina jin sa sam. Barci take sha har rana ta hasko labule, ta tashi ta rama asuba tana istigfari. Faɗuwar gaba ta tafi, riguna suka fara matse ta, har shayi ma ya fi mata daɗi a baki. Maƙwabciya ta ce, "Ke kam kin yi kumatu." Ta ce, "Kwanciyar hankali ce, 'yar'uwa."

Ranar komawa asibiti, yayan na zaune gefe da makullin shago a hannu, ita ta fara magana.

"Likita, an gode Allah. Yanzu ko motsinsa ba na ji."

Likita ya dubi tela: ido jajur, ƙafa na kaɗawa kamar yana kan keken ɗinki. Ya dubi matar, tana danne hamma.

"Malam, kana shan maganin?"

"Ko ɗanɗanawa ban yi ba."

Ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi a mayafi.

"To me kake sha da yamma?"

"Shayi kawai." Tela ya kalle ta, muryarsa ta yi laushi. "Baiwar Allahn nan, tun da na kamu da ciwo ni take cika wa sukari, ita ta sha salam. Ni kuma ba na iya haɗiyewa, likita. Da ta juya baya sai in musanya mana kofi."