Maɓallin Tada Wanda Ya Faɗi

Ranar da yayana ya kawo na'urar wasan faɗa gidanmu a Tasawa, Inna ta ce abin nan ba zai kwana a gidan ba sai Kaka ya gani ya yarda. Kaka tsohon ɗan kokowa ne. Bayan la'asar muka shimfiɗa mishi tabarma gaban tele, wato talabijin, ni da ƙanena muka kama wasa.

Na kada mutumin ƙanena na cikin wasan, na yi ta tattaka shi har jini ya malala, ina ƙyaƙyata dariya. Kaka ya karɓi abin dannawar, ya jujjuya shi a ƙaton tafinsa.

"Kai abokina, wane maɓalli ne na tada shi?"

Na ce babu.

"A fage, gwiwa na taɓa ƙasa an gama, sai ka ba mutum hannu. Maƙeran abin nan ba su taɓa shan kaye ba."

Ya bar mana wasan bisa sharaɗi: wanda ya ci, ya miƙe ya tada ɗan'uwansa daga tabarma.

Jiya 'yata ta lallasa ni a wasan wayarta. Na ƙi tashi, ina murmushi, sai da ta ba ni hannu.