Ƙullin Kwandon Tumatir

Kitson Adama ne ya fara tsaya wa Inna Mairama a rai. Layi ya taso daga goshi kamar abin kirki, kafin ya kai ƙeya ya karkace ya nufi kunne. Ta juya kan jikar tata hagu da dama.

"Ke, wace mai hannun katako ce ta yi miki wannan?"

Yarinyar ta toshe baki tana dariya. "An ce kar in faɗa."

An ce. To, akwai mai cewa ke nan.

Tun rasuwar 'yarta Rauda, Mairama ta so ta kwaso yaran biyu ta dawo da su Kura, gabanta, inda take turara shinkafa. Ubansu Lukmanu ya durƙusa ya roƙa a bar masa su a Bunkure, ya ce gwaggonsa za ta zauna da su. Ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya, kuma a gaban mutane ta faɗa: ranar da wata mace ta sa ƙafa a gidan, ranar Adama da Amiru za su kwana a ɗakinta. Jikokinta ba za su ɗanɗani riƙon matar uba ba. Daga baya ta ji a bakin masu kawo mata shinkafa cewa gwaggo ta daɗe da komawa garinsu, ciwon ƙafa ya matsa mata.

Amma duk Juma'a in ya kawo mata su gaisuwa, sai ga yara fes. An yi wanka, an shafa mai, an yanke farce.

Autarta Zuliha, mai karatu a Kano, ita ta kawo sauran. Ta zo hutu da waya mai shiga intanet, tana karanta wa uwar wani shafi wai shi "Ɗan Hutun Uwa". Bulog ake ce masa, in ji ta. Mace ta rubuta yadda ta wuni, sauran iyaye mata su biyo ta da shawara. Na mata ne zalla, namiji ya sa baki sai sun yi masa ca.

Da fari nishaɗi Mairama ta ɗauki abin. Mai shafin ba ta iya komai ba. Yau tana tambayar yadda ake kashe gudaji a tuwo, gobe me ake ba yaro mai haƙori. Hutunta a duniya wai ta zauna bakin kanal da rediyo tana kallon ruwa yana kwarara cikin gona.

"Mace a bakin kanal," Mairama ta taɓe baki. "Wannan ba ta da mafaɗi."

Sai Zuliha ta karanto ranar da mai shafin ta ce yarinyarta ba ta cin miya in ta hango albasa, ƙaramin kuma ba ya barci sai a goye, sai an zagaya da shi gindin gwaibar da ta sunkuyo kan rijiya. Mairama ta ajiye faifan hannunta. Ita ta dasa gwaibar nan, satin da aka kai Rauda ɗakinta.

Yarinyarta. Har da yarinyarta.

"Karanta gaba."

"Ta ce zanin goyo kullum sulɓe mata yake, sai ta koma ɗaure shi da irin ƙullin da ake yi wa kwandon tumatir, bai ƙara kwancewa ba. Inna, ki ga yadda mata suke mata dariya!"

Mairama ba ta yi dariya ba. Barira ce ta faɗo mata a rai. Bazawara ce, katangarsu ɗaya da Lukmanu, ta yi sakandare, ubanta dillalin tumatir, cikin kwanduna ta girma. Mairama ta sa Zuliha ta duba ranakun. Asabar kaɗai rubutu yake fitowa, ranar da motar kaya take shiga Kano, Lukmanu a saman kwandunan tumatir ɗin da ya loda, Barira a gidan gaba wai za ta saro atamfa.

Da Juma'a ta zagayo ta tare shi a zaure.

"Lukmanu, wa yake yi muku girki?"

Ya sunkuyar da kai, ya ja hannun riga ya rufe wata ƙuna da ya ce ta salansar babur ce. "Ana dai lallaɓawa, Inna."

Mai gaskiya ba ya kallon ƙasa haka. Ta juya ta shige ciki.

Talata da hantsi ta hau acaɓa, da babbar jaka babu komai a ciki, ta kwasar kayan yara. Ta fara leƙa gidan su Barira, aka ce ba ta nan. Ƙofar Lukmanu kuwa a sakale ta ciki, da rana tsaka, ga hayaƙi yana tashi. Ta zagaya baya, ta bi ta inda dangar kara ta faɗi kusa da rijiya.

Adama na zaune da sabon kitso, karkatacce. Can ƙarƙashin rumfa an duƙa kan tukunya, kai cikin hayaƙi, muciya na kai da kawowa. Amiru na barci a baya. Zanin goyon ma ta san shi, ita ta saya wa Rauda.

"Barira! Da zanin 'yata? Sauke min jikana!"

Muciya ta tsaya. Aka miƙe, aka juyo.

Ƙullin ta fara gani a ƙirji, tam, irin na kwandon tumatir. A samansa kuwa gemun Lukmanu ne, ya yi fari fat da garin tuwo.