Hanjin Kazar Kawu Barau

Shekara shida ke nan da maganin kashe ƙwayoyin cuta ya daina aiki a jikin kaji. Yanzu iri ake ɗiba daga kashin lafiyayyar kaza, a dama wa 'yan tsaki a ruwan sha, ƙwayoyi masu amfani su zauna a hanjinsu su tare zawo. Duk ƙauyenmu kaza ɗaya ta rage mai irin kirki, wata tsohuwar wake-wake a gidan Kawu Barau. Sau uku ina tara mutane ina roƙon a yaɗa irin nan gida-gida. Kowa sai ya ce ai kazar tana nan.

Ranar Laraba 'yan tsakina ɗari uku suka fara zawon jini. Na ɗauki kwalba na nufi gidan Kawu. Tun daga zaure na jiyo ƙamshin miya.

"Kubura 'yar boko, kin zo a sa'a," in ji Kawu. "Surukina ne ya zo daga Gumel."

"Kawu, ina wake-waken?"

"To, baƙo irin wannan ramammiya zan yanka masa? Ai ita ce mai ƙiba."

Na wuce madafi da sauri. In dai hanjin bai ji wuta ba, da sauran dama.

"Gwaggo Dije, ina kayan cikin?" na tambayi matar Kawu.

Ta ɗaga murfin tukunya tana murmushi. "Na wanke su tas da ruwan zafi, yadda kike ta koya mana tsabta. Zauna, na ajiye miki ƙundun."